Wurin da Ban Tambayi Cho Ba

Litinin, 5 ga Agusta

Mi Nu, ɗan ƙanwata Cho, ya bugo waya da hantsi. 'Yata Dinh ce ta ɗauka, ta miƙo mini ba ta kalle ni ba. Ya ce, "Kawu, Inna ta daina karɓar abinci. Ta ce kai za ka nuna mata hanya, ba ta son bakin kowa."

Na ce to. Me zan ce?

Shekara talatin da biyar ina wannan aiki, ban taɓa jin tsoronsa ba sai yau. Tsoho Vang da ya koya mini, abin da ya fara dasa mini a kai ke nan: mamaci bai san hanya ba. Kai za ka zauna a kansa da zakara a hannu, ka rera masa duk inda ya taɓa zama a duniya, daga na ƙarshe kana komawa baya, kowane wuri da sunansa. Ya tsaya, ya gode wa ruwan wurin, ya gode wa itacen da ya ƙona, ya wuce. Har ya isa ɗakin da aka binne mabiyiyarsa, rigarsa ta farko, ya saka ta, sannan kakanni su gane shi. Ka tsallake wuri ɗaya, nan zai maƙale. Ba gaba, ba baya, tsirara cikin sanyi.

Cho ta zauna wuri goma sha ɗaya. Goma na sani.

Talata, 6 ga Agusta

Ruwa kwana tara ke nan bai ɗauke ba.

Littafin nan na hanya ne. Ban taɓa zama a aji ba, wani mai awon hanya ne ya zana mini baƙaƙe a ƙasa da tsinke, shekarun da muke rataye da igiya muna fasa dutsen mashiga. Tun daga nan abin da nake rubutawa ke nan, ina ya tsage, ina ya zafto, wace gada ruwa ya hau. Yau ma shi zan rubuta.

Hanya uku ce zuwa Pa Chai, garin su Cho. Ta sama, ta Mashigar Akuya, ratar da ke can saman duwatsu, kwalta ce, kilomita sittin da biyu. Da rani awa uku. Da damina sai yadda dutse ya so. Ta kogi ta fi sauƙin hawa, amma gadar Nam Lo ƙasa-ƙasa take, ruwan kwana uku ya ishe ta nutsewa, balle na tara. Sai tsohuwar hanyar dawakai, wadda yaran yanzu ba su ma san tana nan ba.

Na fito da babur. Na tsaurara sarƙa, na kankare fulogi, na zuba mai a kwalba biyu na ɗaure a baya. Dinh ta dawo daga kai kaya kasuwa ta tarar da ni a tsugune.

"Baba, ni zan kai ka."

"Na yi miki kama da buhun masara?"

"Buhun masara ba ya gardama."

Na ce na hau mashigar nan da babur tun tana yawo ba wando. Ta ce lokacin idona yana ganin rami kafin taya ta gan shi.

Da yamma na sa ta bugo wa Mi Nu. Na ce ya tambayi uwarsa, kawai don in tabbatar, ina ta zauna shekara biyun nan na lokacin yaƙin kan iyaka. Na ji ya yi nisa da wayar. Na ji tari. Ya dawo ya ce, "Kawu, ta ce wai ka zo ka tambaya da bakinka."

Jinin gidanmu ke nan. Tana bakin kabari ma.

Laraba, 7 ga Agusta

Rana ta fito. Tun safe, tas, har tururi ke tashi daga kwalta.

Ban tafi ba.

Ba a doguwar tafiya sai an duba ƙafar kaza. Na yanka, Dinh ta dafa, na ɗauko ƙafafun. In yatsun sun dunƙule wuri ɗaya, hanya a buɗe take. Ta hagu yatsa ɗaya ya fita daban, ya karkace waje kamar mai nuna wani.

Dinh ta ce, "Baba, kazar nan gurguwa ce tun tana raye. Ni na take ta da babur bara."

Na ce ko gurguwa ce, ai ba ni na zaɓo ta ba, ita ta zo hannuna.

"Rana ta fito, hanya ta bushe, Gwaggo tana can tana jira, kai kana neman shawarar miya."

Na ce ubana bai taɓa taka hanya a kan ƙafar da ta ce a'a ba, ni ma ba zan fara ba ina da shekara saba'in da biyar. Gobe a sake yanka wata.

Ta kwashe kwanuka da ƙarfi.

Na ci kazar da dambun masara. Ba ta yi mini daɗi ba. Abin da ke damuna, da na ga yatsan nan ya karkace, wani abu ya sauka daga ƙirjina. Kamar daɗi na ji. Ba na son in yi tunaninsa.

Alhamis, 8 ga Agusta

Ruwa ya dawo kafin gari ya waye. Da hantsi mai motar kayan lambu ya juyo, ya ce dutse ya zafto a kilomita ashirin da huɗu, ƙasa da mashiga ta ɓangarenmu. Hanya ta tafi ɗungurungum.

Na ce wa Dinh, kin gani, da muna kai ya sauko. Ta ce jiya da rana babu abin da ya sauko, da yanzu kana zaune kusa da Gwaggo.

Daga nan ta tashi ta tafi garke. Gara ta yi ta faɗa.

Juma'a, 9 ga Agusta

Ruwa. Gadar Nam Lo ba a ganin ko ƙarfenta.

Asabar, 10 ga Agusta

Na hau har wurin, in gani da idona. Ni kaɗai. Babur ya yi ta tari daga kilomita goma sha takwas, iskar sama ba ta isarsa, sai da na koma giya ta ɗaya ina taimaka masa da ƙafa.

Rabin dutsen ya sauko. Jan laka, duwatsu kamar ɗakuna, gonar masarar wani tana tsaye a tsakiyar inda hanya take, karan ko karyewa bai yi ba. Faɗin wurin zai kai taku ɗari biyu. Ruwan da ke fitowa daga gindin zaftar ja ne wur. In ruwa ja ne, dutse bai gama ba.

Shugaban masu gyara mutumin garuruwan ƙasa ne, ba ɗan dutse ba, Toan sunansa, yana tsaye da rigar leda yana shan taba. Na tambaye shi kwana nawa.

"Baba tsoho, katafila ɗaya gare ni. Bakwai, in sama ta yi mana shiru."

Na ce mu da guduma da hannu muka sassaƙa hanyar nan, babu katafila.

"Shekara nawa kuka yi?"

Na ce shida.

"To ni ka ba ni kwana bakwai."

Mutanensa suka yi dariya. Na ce ƙanwata ba ta da kwana bakwai. Sai dariyar ta tsaya, ya miƙo mini taba. Ban karɓa ba. Me taba za ta yi mini?

Wajen saukowa na wuce wani rami ban gan shi ba sai da ya jijjiga mini haƙora. Ba zan faɗa wa Dinh ba.

Lahadi, 11 ga Agusta

Mi Nu ya ce ruwa kawai take sha, da cokali. Magana ɗaya-ɗaya, ta yi barci a tsakiyar kalma.

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa.

Shekarar yaƙin ce. An kwashi mijinta ɗaukar kaya, mutanen garinsu sun watse cikin daji. Ta iso ƙofar gidan nan da yamma, ana ruwa irin na yau, da ciki wata takwas da ƙunshi a baya. Kwana huɗu ta yi a ƙafa. Ta ce, "Yaya, na zo."

Kowa ya san doka. Mace in ta yi aure ta koma hannun kakannin mijinta, ba ta haihuwa a ƙarƙashin rufin ɗan'uwanta. Jininta ya taɓa ƙasar gidan, iskokin da ke tsaron gida su juya baya, yara su yi ta ciwo, dabbobi su mutu. Ina da 'ya'ya ƙanana uku. Na tsaya a bakin ƙofa na ce mata ba a cikin gidan nan ba. Na so in ce zan kafa mata rumfa a bayan garke. Na rantse na so in faɗa. Amma na fara da a'a, ita kuma ba ta tsaya jin sauran ba. Ta gyara ƙunshinta ta juya.

Ban bi ta ba. Na ce fushi ne, kafin duhu za ta dawo.

Bayan shekara biyu aka ce an gan ta a Pa Chai, ita da mijin da yaro yana tafiya. Mi Nu ke nan. Mun ci gaba da gaisawa a bukukuwa, ta kawo mini barasar masara, na kai mata naman alade. Shekara arba'in. Ba ta faɗa ba, ban tambaya ba.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. A can aka binne mabiyiyar Mi Nu. Ranar da tasa ta zo, can za a mai da shi. Shi ma bai san wurin ba, ya ce duk sanda ya tambaya sai ta aike shi ɗebo ruwa.

Mutum biyu zan ɓatar.

Gobe hanyar dawakai. Na san ta kamar tafin hannuna.

Talata, 13 ga Agusta

Hannun dama ne ya tsira, shi ya sa nake iya rubutu.

Na fita jiya da sassafe, Dinh tana garke. Na naɗa igiya a tayar baya don santsi. Awa biyu komai yana inda na bar shi: bishiyar da tsawa ta raba, dutse mai hanci, mararrabar da ake bin hagu. Har na fara waƙa.

Bayan mararraba babu hanya. An fasa gefen dutsen ana ɗibar tsakuwa, ban san yaushe ba, wataƙila shekara goma. Inda dawakai ke bi ya zama gangara ta farin dutse, ruwa yana gudu a kai. Da mai hankali ne sai ya juya. Na ce ai hanyar tana can gaba, taku hamsin, ina hango ta. Na shiga.

Na taɓa birkin gaba. Ni da nake koya wa mutane kada su taɓa birkin gaba a kan tsakuwa.

Babur ya tafi ƙasa, ya tsallake kunya uku na gonar wani, ya kwanta cikin masara tayarsa tana juyawa. Ni wani kututture ya tare ni. Wuyan hannun hagu ya kumbura kamar kabewa. Hannun kuloci. Ko an ciro babur ɗin, ba zan iya matsa shi ba.

Na dawo da ƙafa. La'asar sakaliya Dinh ta same ni a bishiyar tsawa, ina zaune. Ta bi sawun igiyar taya ne.

Ba ta yi faɗa ba. Ta duba hannun, ta ɗaure shi da gyalenta. Ta ce, "Ka gama, Baba? Ko akwai hanya ta huɗu?"

Na hau bayan babur ɗinta zuwa gida. Wannan ba a lissafi yake ba, mai rauni ne aka ɗauko.

Laraba, 14 ga Agusta

Zazzaɓi. An ɗaura mini ganye da gora.

Na kwanta ina rera sunayen Cho a zuci. Pa Chai. Gidan gona na Sin Lung. Tsohuwar Pa Chai kafin a tashe su. Sai rami. In na zo nan sai bakina ya tsaya, kamar taya a bakin gadar da ruwa ya cinye.

Na yi tunanin in ƙirƙiro suna. Wa zai sani? Masu sarewar gora ba za su sani ba, dangin mijin ba za su sani ba. Ita za ta sani. Za ta tsaya a wurin da ba ta taɓa gani ba tana neman ruwan da za ta gode wa.

Mi Nu ya ce yau sau biyu kawai ta buɗe ido. Ta tambaya ko na taso. Ya ce mata ina hanya. Yaron kirki, ya yi mini ƙarya.

Alhamis, 15 ga Agusta

Dinh ta je wurin zaftar ta dawo. Ta zauna a gabana, ta ture kwanon dambu, ta zana a kan tebur da yatsa.

Mutanen ƙauyen ƙasa sun tattaka wata 'yar hanya ta saman lakar. Magidanta huɗu suna ɗaukar babur a kan gora biyu su tsallakar da shi, mutum ya bi da ƙafa. Toan ya hana, amma yana juya baya daga wayewar gari zuwa hantsi. Daga can sai hawa kilomita takwas zuwa mashiga, sai gangara talatin zuwa Pa Chai. Ta sake birkin baya, ta ce na gaba zai kai mu.

Na tambaye ta launin ruwan da ke fita daga gindin zaftar. Ta ce ba ta duba ba. Shekara ashirin tana tuƙi ba ta duba ruwa. Na ce in ja ne ba za mu hau ba, in ya koma kalar shayi za mu hau, kuma in ƙananan duwatsu suka fara gangarowa ba mai tsayawa ɗaukar komai.

Ta ce, "To kai ka karanta dutse, ni in riƙe kan babur."

Na ce haka ne daidai. Aiki ne aka raba, ba goyo ba ne.

Ta tambaya ko za a yanka kaza. Na ce kajin gidan nan duk ta tattake su, ba wadda za a yarda da maganarta.

Juma'a, 16 ga Agusta

Pa Chai. Mun iso. Dole in rubuta hanya tun tana kaina.

Kilomita ashirin da huɗu: ruwa kalar shayi. Na sa hannu a ciki, babu yashi. Na ce a hau. Laka har gwiwa, wani wurin har cinya. Masu gora suna gaba suna ƙirga taku da baki ɗaya, babur yana lilo a tsakaninsu kamar alade za a kai kasuwa. Hagu dutse, dama babu komai, sai kogi can ƙasa kamar zare. A tsakiya takalmina ɗaya ya zauna a laka. Na sunkuya in ciro, sai na ji tsakuwa tana sauka, ƙas, ƙas. Dinh ta finciko ni ta wuyan riga. Ta ce, "Dokarka ce." Na ƙarasa da takalmi ɗaya.

Can gefe ta ce da hannu ɗaya ba zan iya riƙe ta a lanƙwasa ba. Ta kwance zanen da take ɗaure kaya, ta zagaya bayana, ta ƙulle a cikinta. Masu gora suna kallo. Ɗaya ya ce, "Yaya Dinh, yaron naki ya yi gemu da wuri." Na ce masa na san kakansa, shi ma bakinsa ya fi aikinsa.

Mashiga: gajimare ya sauko, ba a ganin taku biyar. Ta kunna fitila, tana busa ham a kowace lanƙwasa. Ni na rufe ido, don idon ba ya amfani, ina faɗa mata abin da ke zuwa. Hagu mai tsanani. Miƙe kaɗan. Dama, akwai kwalbati, ki matsa ciki. Ban yi kuskure ko ɗaya ba. A rubuta wannan.

Gangara: giya ta biyu, kada a zauna a kan birki. A lanƙwasa ta uku ƙasa da mashiga muka tsaya inda ruwa ke fitowa daga dutse, inda kowa ke tsayawa birki ya huce. Na sha, na wanke ƙafar da ba takalmi. Kilomita arba'in da ɗaya kwalta ta tsage a tsaye, a bi ta ciki. Hamsin da uku bishiya ta faɗi, an sare rabi.

Tuƙinta ba laifi. Tana shiga lanƙwasa da wuri, amma ba laifi.

Cho tana raye. Barci take da muka shigo. Ta ƙanƙance, kamar an wanke ta ta shige.

Asabar, 17 ga Agusta

Ta farka da hantsi. Ta dube ni, ta dubi hannun, ta dubi takalman Mi Nu da ke ƙafata.

"Yaya. Ka tsufa."

Na ce ita ma ba amarya ba ce. Na zauna. Na ba ta labarin zafta, da Toan, da masu gora. Na ba ta labarin gadar Nam Lo. Tana rufe ido tana buɗewa. Dinh tana bakin ƙofa tana watsa mini harara.

Cho ta ce, "Duk duwatsun nan ka hawo don ka ba ni labarin laka?"

Na rera wa mutum ɗari da wani abu hanyar lahira ban taɓa sarƙewa ba sai yau.

Na ce, ina kika je?

"Yaushe?"

Ta san yaushe. Na ce ranar da kika zo gidana.

"Ranar da me?"

Mi Nu yana tsaye, matarsa tana tsaye, Dinh. Na ce ranar da na tsaya a ƙofa na hana ki shiga, kina da ciki, ana ruwa, ban kuma bi ki ba.

Ta rufe ido. Na ɗauka barci ya sake ɗauke ta. Sai ta ce a ba ta ruwa. Cokali biyu.

Ta ce akwai wata bukka da masu gyaran hanya suka bari, lanƙwasa ta uku ƙasa da mashiga, inda ruwa ke fitowa daga dutse. Nan ƙafarta ta ƙare. Nan ta haihu, ita kaɗai, ta yanke cibiya da tsagin gora, ta binne rigar yaron a gindin turken tsakiya da hannunta, tunda namiji ne. Ta ci doyar daji. Daga baya ta riƙa fasa tsakuwa wa masu gyara suna ba ta masara.

Jiya na wanke ƙafata a wurin. Sau nawa na tsaya a can cikin shekara arba'in? Har a shekara biyun nan na wuce da doki, sau uku ko huɗu. Na tuna hayaƙi yana fita daga bukkar. Na tuna.

Ta ce, "Na gan ka. Ka shayar da doki."

Na tambayi sunan wurin. Ta ce ba shi da suna. Wa zai raɗa wa bukkar lebura suna?

Na ce to yaya zan kira shi?

"Aikinka ne, Yaya. Ni nawa na gama."

Ta riƙe yatsana ɗaya har ta yi barci. Ba ta ce ta yafe ba. Ban roƙa ba.

Lahadi, 18 ga Agusta

Ba ta yi magana ba yau. Ina zaune. Wuri ba suna. Tsoho Vang bai koya mini wannan ba.

Talata, 20 ga Agusta

Cho ta cika jiya da safe, rana ta ɗan taso. Mi Nu ya fita ya sanar da gari.

Aka yi mata wanka, aka sa mata kayan da ta ɗinka wa kanta tun shekara goma. Aka ba ni zakara. Ɗakin ya cika, dangin mijinta a dama, namu kaɗan a hagu, masu sarewa da mai ganga suna jira in gama.

Na tashe ta daga Pa Chai. Na kai ta Sin Lung, ta gode. Tsohuwar Pa Chai, ta gode. Sai na zo wurin.

Na ce: Cho, ki hau hanya, ki tsaya a lanƙwasa ta uku ƙasa da Mashigar Akuya, inda ruwa ke fitowa daga dutse. Wurin ba shi da suna. Bukkar da kika zauna ce domin yayanki ya hana ki ƙofa. Ki gode wa ruwanta. Ki gode wa itacenta. Sun yi miki abin da bai yi ba. Ki wuce, kada ki tsaya, kin daɗe a nan.

Wani tsoho cikin dangin mijin ya yi gyaran murya, wai ba haka ake faɗa ba. Ban dube shi ba. Na ci gaba da ita baya, baya, har gidan ubanmu a Lung Sa, ƙarƙashin gadon innarmu. Na ce ga rigarki, ki saka.

Goma sha ɗaya cif.

Zakaran bai yi motsi a hannuna ba har na gama. Alama ce mai kyau. Daga nan muryata ta tafi, har yanzu ba ta dawo sosai ba.

Litinin, 26 ga Agusta

Gida. Toan ya buɗe layi ɗaya, kwana goma sha shida ya yi, ba bakwai ba. Na faɗa masa. Ya ce har yanzu bai kai shekara shida ba.

Mi Nu ya rako mu har lanƙwasa ta uku. Babu bukka, sai ciyawa da wasu duwatsu huɗu a jere. Na nuna masa inda turken tsakiya zai kasance. Ya tsuguna ya daɗe. Na sa ya maimaita mini yadda zai faɗa wa 'ya'yansa, sau uku, har ya zauna.

Kilomita arba'in da ɗaya tsagar ta ƙara faɗi. Ashirin da huɗu a bi a hankali, ruwan fari ne yanzu.

Bayan mashiga hanya ta miƙe kaɗan. Dinh ta yi shekara tara ba ta gida bayan aurenta ya mutu. Ta sauka garuruwan ƙasa aiki, ta dawo da babur da furfura biyu-uku, na ce sannu da zuwa, shi ke nan. Ina bayanta, iska tana dukan kunnena, na ce ta lissafa mini inda ta zauna a shekarun.

Ta rage gudu. "Me ya kawo wannan, Baba?"

Na ce ta dubi hanya, ta faɗa kawai.

Ta faɗi wuri shida. Ɗaya na sani. A na huɗu muryarta ta canza, ban tambayi dalili ba. Gobe, wataƙila, in tana gyaran sarƙa.

Na yi ta maimaita su har gida. Ba wani abu ba ne. Hanyar ce da tsawo, mutum kuma in ba shi ke tuƙi ba sai ya sami abin yi.